Saƙon Godiya: Umma Ta Je Ta Dawo da Ƙafarta

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi, daren Talata muka sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ni da Umma da autarmu, bayan kwana 16 a ƙasa mai tsarki. Tun ranar gida bai rabu da 'yan sannu da zuwa ba, wayata kuma ta cika da saƙonnin da ban samu zarafin amsawa ba. Umma ce ta ce in zauna in rubuta godiya a madadinta, kuma ta ja kunnena kada in tsallake kowa. Sunaye dai ba zan kama ba, don yawancin waɗanda suka yi ɗawainiyar sun roƙe ni in rufa musu asiri. Duk wanda ya karanta zai gane kansa.

Waɗanda ke kusa da mu sun san halin da aka shiga bara. Ciwon baya ya kwantar da Umma har sallah sai a zaune, daga baya ma sai a kishingiɗe. A Asibitin Ƙashi na Dala aka yi mata aiki. Safiyar da za a shiga da ita ɗakin tiyata ta riƙe hannuna ta ce, "Idan Allah Ya tashi kafaɗuna, ku kai ni in yi wa Manzon Allah sallama." Na ce to, hawaye na zuba, ban ma san da me za mu kai ta ba. Don haka godiyar farko, bayan ta Ubangiji, ta likitan da ya yi aikin ce, da ma'aikatan jinyar ɗakin mata, da baiwar Allahn nan mai gashin ƙashi da ta yi wata shida tana lallaɓa Umma, daga taku uku a tsakar ɗaki har ta kai ga zagaya gida da sanda. Allah Ya saka muku da Aljanna.

Da muka koma neman izinin tafiya, likita ya amince amma da sharaɗi. Ya ce kada ta daɗe zaune a naɗe wuri guda, saboda wurin aikin, da kuma tsoron gudan jini da kan daskare a jijiyar ƙafa idan mutum ya jima bai motsa ba. Ya rubuta mata safa mai matse ƙafa, ya ce ta riƙa shan ruwa tana tashi tana takawa. Wannan sharaɗin shi ya juya mana lissafi gaba ɗaya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen da ke zuwa gabas daga nan suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. Kujerar ikonomi kuwa kowa ya san ta, gwiwa na gogar bayan kujerar gaba.

Na kawo wannan ne saboda hoton da auta ta ɗora ranar tafiya, Umma kwance a kujerar bizines an lulluɓa mata bargo. Mutane da yawa sun yi addu'a, mun gode. Wasu kuma sun rubuta cewa kuɗi sun yi mana yawa, ana fama da tsadar masara muna yawo a gaban jirgi. Maganar ta sosa min rai, ba zan ɓoye ba. Ba mu da arzikin da ake zato. Kujera ɗaya a can gaba ta ci kuɗin kusan uku na baya, kuma guda biyu muka yanka, ta Umma da ta auta, don dole mace ta kasance kusa da ita saboda shiga banɗaki. Ni a baya na zauna. Yayanmu ya tsayar da ginin da ya kai linta ya kawo kuɗin rufi. Yaya mace da ke aure a Gusau ta kawo kwasar adashinta ko naira ba ta taɓa ba. Kawu ya sayar da sa biyu. Ƙanin Baba, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya turo nasa da asuba ya kashe waya don kada a yi masa godiya. Ga ta nan ta iso ka, Baffa, ko ba ka so.

Abin da muka saya da kuɗin nan shi ne wurin miƙe baya. Ta Doha muka bi, kusan awa 7 a sama. Jirgi na daidaita ma'aikaciyar ta zo ta danna maɓalli, kujerar ta miƙe ta zama gado. Ta kawo ƙarin matashi ta cusa wa Umma a ƙarƙashin gwiwoyi kamar yadda auta ta kwatanta mata, ta durƙusa ta gyara mata safar da hannunta. Ba ta jin Hausa, Umma ba ta jin Turanci, amma duk bayan awa ɗaya da 'yan kai sai ta zo ta ba ta kafaɗa su taka zuwa ƙarshen sashen su dawo. Abincin da aka jera mata a faranti, da cokula kala-kala, Umma ko kallo bai ishe ta ba. Shayi ta nema da burodi, ta ciro dambun namanta daga jaka. Da na leƙo tsakiyar tafiya, ma'aikaciyar ta ɗaga min labule ta yi min alama in yi a hankali. Na tarar da Umma tana barci har da minshari, carbi a hannu. Rabon da in ga ta yi barci irin wannan tun kafin ciwon. Na koma kujerata na kifa kai na yi ta hamdala. Ban san sunan yarinyar nan ba, ban san ƙasarsu ba. Allah Ya san ta, Ya ba ta mai yi mata a ranar tsufanta.

A filin jirgin Hamad an tarye mu da keken marasa lafiya tun daga bakin ƙofa, aka kai su falon jira inda Umma ta samu ta yi alwala da ruwan ɗumi ta rama sallolinta a natse. Daga nan awa biyu da 'yan mintoci sai Madina.

Kwana 8 muka yi a birnin Manzo. Ɗan wajen Yaya, wanda muke yi wa faɗan yawan riƙe waya, shi ya kwana yana dannawa a manhajar Nusuk har ya samo wa Umma da auta lokacin shiga Rauda. Mun gode, ɗana, wayar ta yi rana. Auta ta ce da suka isa bakin wurin Umma ta ce a tsayar da keken, ta miƙe, ta shiga da ƙafarta tana dogara sanda, ta yi raka'a biyu a tsaye. Da suka fito ba ta yi magana ba har muka isa masauki.

Sai batun jirgin ƙasa, inda muka so mu ga tashin hankali. Tun daga gida na yanke cewa ba za mu bi mota zuwa Makka ba. Umma ta yi hajjinta na farko a 1988 tare da marigayi Baba, kuma har yau tana ba da labarin yinin da suka yi a bas a wannan hanyar, ƙafa ta kumbura, ruwa ya ƙare. Yanzu akwai jirgin Haramain da Sarki Salman ya ƙaddamar a watan Satumban 2018, layi mai tsawon kilomita 450, da gudu har kilomita 300 a awa. Abin da wakilin da ya shirya mana tafiya bai faɗa mana ba, ni ma ban bincika ba, shi ne ƙa'idar kaya. Tikitin bizines na jirgin sama ya ba kowa akwati biyu masu kilo 32, mu kuwa muka cika su taf, da dabinon Ajwa da dadduma da tsarabar jikoki. A jirgin ƙasa akwati ɗaya ake yarda wa fasinja, kada ya wuce kilo 25, girmansa ma da iyaka. Mun riga mun biya ta masallacin miƙati na Zul-Hulaifa mun yi niyya, ina cikin harami, ga Umma a keke, ga akwatuna huɗu jibga-jibga a bakin tasha, lokaci na tafiya.

Direban da ya kawo mu ne ya fitar da mu. Tun a mota na ji yana waya da Larabci, ashe yana jin duk hirar da muke yi. Sai kawai ya juyo ya ce da Umma, da wata irin Hausa mai nauyin harshe, "Hajiya, kada ki damu, ku shiga. Kayanku za su kwana Makka." A Madina aka haife shi, haka mahaifinsa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Damagaram a ƙafa, ya ratsa Chadi, ya yi shekaru yana noma a Sudan yana tara guzuri, ya ƙetare Bahar Maliya, bai sake komawa ba. Umma ta ce masa ai kakanta ma ta wannan hanyar ya bi, shekara bakwai ya yi kafin ya dawo, har an raba gadonsa. Suka tsaya suna kallon juna kamar 'yan uwan da suka ɓata. Na ba shi kayan babu rasit, babu shaida, lambar waya kawai. Ƙarfe goma sha ɗayan dare ya kira ni yana ƙofar masaukinmu a Makka. Kuɗin mai kaɗai ya karɓa, shi ma sai da Umma ta ɓata rai. Ya ce a dai gaishe masa da ƙasar da bai taɓa gani ba. To ga gaisuwarka na isar. 'Yan uwa na Damagaram da ke karanta wannan, ɗanku ya fitar da ku kunya.

Cikin jirgin kuwa, ma'aikatan tasha suka tura keken har bakin tarago. Babu girgiza, babu ramin da zai buga mata baya. Na ajiye kofin shayi a kan ɗan teburin gabana, allo na nuna 300, shayin ko motsi. Duwatsu baƙaƙe da rairayi suna ta wucewa ta taga, taragon ya ɗauki Labbaika, Indonusiyawa da Turkawa da mu. Sau biyu Umma ta tashi ta taka tsakanin kujeru ba mai riƙe ta. Muka tsaya Jidda, kafin ta gama mamaki an ce Makka. Awa biyu da kusan rabi. Ta ce, "Har mun zo? Allah Ya jiƙan Malam, da ya ga wannan."

Ɗawafi a keke ta yi shi, haka sa'ayi, don tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya kai kusan kilomita 3. Yaron da ya tura ta ɗan Nijar ne, ɗalibi, yana turawa yana karanta mata addu'o'i a hankali tana maimaitawa. Shi ma yana cikin wannan godiya. Ranar dawowa jirgin ƙasan muka sake bi zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, tashar a jikin ginin filin take, kayan kuma ƙanin direbanmu ya riga mu kai su.

Maƙwabta da suka kula da gida, matata da ta riƙe yara ita kaɗai, abokan aikina da suka rufe min gurbi, limaminmu da jama'ar masallacin unguwa da suka yi ta saka ta a addu'a tun tana Dala, Umma ta ambace ku a gaban Ka'aba, wasu da suna, wasu da sunan iyayensu. Waɗanda suka yi maganar hoto ma ta ce in faɗa muku ta yafe, kuma ta roƙa muku Allah Ya kai ku da iyayenku.

Jiya muka koma asibiti, likita ya duba ya ce wurin aikin lafiya lau. Zamzam lita biyar-biyar aka ba mu izinin ɗaukowa, don haka ba shi da yawa, amma Umma ta ce kowa ya zo ko kurɓi ɗaya ne ya samu. Tana ganin baƙi daga bayan la'asar zuwa magariba. Da safe tana gashi, a yi mana haƙuri da wannan lokacin.

Wassalamu alaikum.