Katin inshora a hannu, an kuma ce ka biya kuɗin magani: ina gizo ke saƙar?

Da yawa suna ɗauka cewa da zarar sunansu ya shiga inshorar lafiya ta gwamnati, duk abin da likita ya rubuta an gama biyansa. Ba haka abin yake ba. Inshora ba takardar likita take bi ba, jerinta take bi. Kowane tsari yana da jerin magungunan da ya amince zai biya, kuma abin da ba ya ciki daga aljihunka zai fita, ko da babban likita ne ya sa hannu. Ƙasashe da dama sun ɗora nasu jerin a kan na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka fara fitarwa a 1977, ake kuma sabunta shi duk bayan shekara biyu.

A jerin, galibi sunan sinadarin ake rubutawa, ba sunan da kamfani ya raɗa wa kayansa ba. Amlodipine na hawan jini shi ne Norvasc, metformin na ciwon sukari shi ne Glucophage. Ƙwaya ɗaya ce a wajen aiki, kwali da farashi ne suka bambanta. Idan likita ya rubuta sunan kamfani, ko kai ka kafe sai shi, tsare-tsare da yawa kuɗin mai arahar kawai za su biya, ragowar a kanka. A Jamus ma akwai farashin da aka ƙayyade wa rukunin magunguna masu yawa. Duk wanda ya zarce shi, majinyaci ne ke cikasa gibin. Don haka tun kana gaban likita ka tambaye shi ko abin da ya rubuta yana cikin jeri, in ba ya ciki ko akwai madadinsa.

Amma fa akwai inda canjin kamfani ba abin wasa ba ne. Wasu magungunan farfaɗiya, irin su phenytoin da carbamazepine, ɗan bambanci kaɗan a yadda jiki ke tsotsarsu yana iya dawo da ciwon. Wanda ya zauna lafiya a kan na wani kamfani, kada ya yarda a sauya masa a kantin magani ba tare da sanin likitansa ba.

Ko maganin yana cikin jeri, ba lallai ya zama kyauta ba. Akwai kason majinyaci, kowace ƙasa da yadda take yanka shi. A Ingila fam 9.90 ne kan kowane magani ɗaya da ke takardar, komai tsadarsa komai araharsa, ban da waɗanda aka yafe wa, kamar yara 'yan ƙasa da shekara 16 da waɗanda suka kai 60. Jamus kashi 10 cikin 100 take karɓa, amma ba ya gaza yuro 5, ba ya wuce yuro 10. Faransa kuwa ta kasa magunguna ne gwargwadon amfaninsu: wani ana mayar da kashi 100, wani 65, wani 30, wani 15 kacal.

Abin da ya fi kuɓuce wa mutane shi ne iyakar da aka sa wa wannan kaso. A Jamus, idan abin da ka biya a shekara ya kai kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gidanka, ko kashi 1 ga mai ciwon da ba ya rabuwa da shi, an yafe maka sauran shekarar, amma sai ka nema da rasiɗai a hannu. A Ingila mai karɓar magani fiye da goma sha ɗaya a shekara ya fi samun sauƙi idan ya biya fam 114.50 lokaci guda na wata goma sha biyu. A Amurka, ɓangaren magani na Medicare (inshorar lafiya ta gwamnati, galibi don tsofaffi), wanda ya fara aiki a 2006, ya tsayar da abin da mutum zai kashe daga aljihunsa a kan dala 2,000 a shekarar 2025. Rasiɗin da ake dunƙulewa a jefar a bakin ƙofar kanti, kuɗi ne.

To idan mai ba da magani ya duba kwamfuta ya ce "ba ta amince ba" fa? Kada ka zaro kuɗi tukuna, tambayi dalilin da ya fito masa. Sau da yawa maganin na cikin masu tsadar da sai likita ya nemi izini tun farko, ya kuma rubuta hujja. Wani lokaci sharaɗin shi ne a fara gwada mai araha, sai ya gaza ko ya ba ka matsala a wuce zuwa na gaba; a nan abin da zai cece ka shi ne a ga an rubuta a fayil ɗinka cewa an gwada, da ranar, da abin da ya faru. Yana iya zama kuma ka zo da wuri: an ba ka na kwana 30, ka dawo a kwana na 15, lissafi na nuna saura rabi a gida. Wannan yakan faru idan likita ya ƙara yawan ƙwayar da baki kawai, daga ɗaya zuwa biyu a rana, bai rubuta sabuwar takarda ba. Sauran ƙananan abubuwa ne: rajista ta ƙare, harafi ɗaya ya bambanta tsakanin kati da takarda, ko kantin ba ya cikin waɗanda tsarin ke hulɗa da su.

In dole ta sa ka saya da kuɗinka, karɓi rasiɗi mai ɗauke da sunan maganin, ƙarfinsa, yawansa da kwanan wata, ka ɗauki hoton takardar likitan kafin ka miƙa ta, ka kuma tambayi wa'adin neman a mayar maka, domin idan ya wuce da wuya a saurare ka. Neman izini kan ɗauki kwanaki, don haka mai shan maganin kullum ya fara bin takardunsa tun saura na mako guda a kwali.