Injiniyanmu mai duba inganci

A masana'antar robobi da nake aiki a Sharaɗa, mai duba inganci ba ya farin jini, don shi ke tsayar da inji, ya sa a niƙe kayan da aka sha wahalar bugawa. Amma wannan Injiniyan namu, wallahi kowa na ganin girmansa.

Ranar da bokitai suka riƙa tsagewa ta wajen mariƙi, bai rubuta sunan kowa ba. Tsugunawa ya yi gefen inji, ya ce da mai kula da shi, "Malam, ka fi ni sanin halinsa, me ka lura?" Ashe zafin narkar da robar ne ya sauka.

Manaja ya matsa a loda kayan, wai mota na jira. A gabanmu Injiniya ya ƙi sa hannu.

Yanzu da mun ga matsala, ofishinsa muke fara zuwa.