Godiya Bayan Na Ajiye Kujerar Masallaci

Alhamdu lillahi, a daren jiya na sallaci Isha'i a tsaye cikin sahu, bayan na shafe kusan shekara biyu ina salla a kan kujerar roba saboda ƙiba da ciwon gwiwa. Wannan ne ya sa na ga ya wajaba in fito fili in gode wa waɗanda Allah Ya sanya su zama sanadi.

Ina godiya ga likitar da ta kwantar da ni a bara sakamakon hawan jini, wadda ta faɗa mini gaskiya ba tare da ɓoye-ɓoye ba, cewa magani kaɗai ba zai wadatar ba muddin ban gyara cimata ba. Haka kuma ina godiya ga limamin unguwarmu, wanda da ya zo dubiya ya tuna mini aya ta 31 cikin Suratul A'araf, wadda ta umarce mu da mu ci mu sha amma kada mu yi ɓarna, sannan ya karanta mini hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib da Tirmizi ya ruwaito, cewa a bar sulusin ciki ga abinci, sulusi ga abin sha, sulusi ga numfashi. Tun ina makarantar Islamiyya na san hadisin, amma ban taɓa auna shi da kwanon tuwona ba sai ranar.

Babbar godiyata tana ga maiɗakina. Ita ce ta sauya mini malmala uku zuwa ɗaya, ta riƙa aikawa kasuwar 'Yankaba a sayo zogale da rama da kabeji, ta koyi tuƙa tuwon acca, ta kuma hana lemon kwalba shiga gidan baki ɗaya, duk da ƙorafin yara. Ranakun Litinin da Alhamis tare muke tashi sahur. Ina kuma gode wa maƙwabcina da ke ƙwanƙwasa mini ƙofa bayan Asuba mu taka har gindin Dutsen Dala, ko da hunturu ne.

Ina neman afuwar 'yan'uwa da abokan arziki da na mayar wa alkaki da dubulan a wuraren biki, domin na san a garin nan ƙin cin abincin mutum ba ƙaramin abu ba ne. Hajiya kuwa, da ta ga na faɗa, ta yi zaton wata cuta nake ɓoye mata, har sai da na kai ta wajen likitar ta ji da kunnenta.

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Kujerar na bar wa masallaci, ko wani dattijo zai buƙace ta.