Furosesa da Madabod: Wanne Ya Cancanci Kaso Mafi Tsoka?

A ganina, duk mai harhaɗa kwamfutar tebur ya kamata ya ware wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kaso mafi tsoka na kuɗinsa, domin ita ce ke yin lissafin da mai amfani yake jin saurinsa. Madabod, wato babban allon da ake haɗa sassan kwamfuta a kansa, ko da mai tsada ne ba ya ƙara wa furosesa mai rauni gudu.

Sai dai rowa a kan madabod tana da iyaka, kuma iyakar tana wajen VRM, wato ƙananan sassan da ke kewaye da mazaunin furosesa suna daidaita wutar da take sha. Idan aka ɗora furosesa mai yawan cin wuta irin Core i9 ta kamfanin Intel a kan allo mai arha wanda waɗannan sassan nasa ba su da ƙarfen sanyaya, sukan ɗauki zafi yayin aiki mai nauyi, sai na'urar ta rage gudu da kanta don kada su lalace. Mutum ya biya kuɗin doki, amma tafiyar jaki yake samu.

Mazaunin ma abin dubawa ne. Mazaunin AM4 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2016, ya karɓi furosesar Ryzen tun daga jerin 1000 har zuwa 5000, yawanci bayan sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, kuma wannan ya ba mutane da yawa damar sauya furosesa kawai. AM5 kuwa, mazaunin da ya gaji AM4, sai da RAM (ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta) samfurin DDR5, saboda haka dole kuɗin RAM ya shiga lissafi tun farko.

Wanda ba ya nufin tilasta wa furosesar Intel gudu fiye da ƙa'ida, madabod samfurin B760 ya wadatar da shi, ba sai ya kai ga samfurin Z790 ba.