Kwaɗon da na sa wa gidan Babanmu

Zauren gidan da na tashi a cikinsa a Garwa, a arewacin Kamaru, bai taɓa sanin kwaɗo ba. Ƙyauren katako ne, da dare a turo shi a tokare da tsohon turmi saboda awaki da karnuka. Lokacin zafi ko turowar ba a yi. Babanmu, Allah ya jiƙansa, goro yake sayarwa, kuma duk abokin cinikin da motarsa ta iso cikin dare daga Ngaundere ko Yola ya san inda zai shimfiɗa tabarmarsa. Sau da yawa mukan fito da asuba mu tarar da mutum kwance a zaure, babu wanda ya san sunansa. A kai masa ruwan alwala, a kai masa koko, sai ya karya kumallo sannan Baba ya tambaye shi daga ina.

Akwai ɓarayi a lokacin, amma tsoronmu na hanya ne. A shekarun 1990, musamman bayan an karya darajar kuɗinmu na sefa da rabi a Janairun 1994 rayuwa ta yi tsanani, hirar manya a ƙofar gida ba ta wuce ta zargina, masu tare motoci a daji da bindiga. Fatake har ɗinke kuɗinsu suke yi a cikin tufafi. In ka hango gadar Binuwai kuwa sai ka ce alhamdu lillahi, ka iso gida.

Na yi shekaru da dama ina aiki a Duwala, inda na saba da kulle komai. Da Baba ya rasu gidan ya dawo hannuna, sai na ƙudura a raina zan riƙe shi yadda ya riƙe shi. Uwargidana ta ce, “Malam, zamanin Baba daban, namu daban.” Na ce mata ƙofar da ya bari a buɗe shekara da shekaru, ba ni zan zo in rufe ta ba. Ta yi shiru. Motata ma, wata tsohuwar Toyota, a ƙofar gida take kwana ba kulle, gilashi a ƙasa, domin wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san motar da aka rufe ruf da rana ko sitiyarinta ba ya taɓuwa.

Kusan shekara uku muka yi a haka, abin da ya ɓace bai wuce buta da silifas ba. Kuma na ji daɗin shekarun nan ƙwarai. Yaran maƙwabta na shigowa ɗiban ruwa a famfonmu, tsofaffin mata na ratsowa su zauna a ba su fura, almajirai na sallama har tsakar gida. Gidan yana da rai.

A goman ƙarshe na azumin 2024, wanda ya faɗo tsakiyar zafi, abin ya faru. Babu wuta a daren, ɗakuna sun zama kamar tanda, iyali duka suka fito da tabarmi tsakar gida. Wajen ƙarfe ɗaya ni da babban ɗana muka tafi masallaci tahajjud, muka bar zaure yadda muka saba barinsa. Da muka dawo ban lura da komai ba. Sai da uwargida ta tashi ɗora sahur ta lalubi wayarta don ta haska, ta ji wayam. Ta 'yarmu babba ma babu. A kicin tukunyar gas ta tafi, an bar tiyo yana reto. Na fita waje da fitila, na tarar da bonet a ɗage, an kwance batir, an kwashe ƙaramar jakar da nake ajiye takardun mota da katin shaidata.

Duk wannan dukiya ce, Allah zai mayar. Abin da har yau yake tsaya mini a rai shi ne sawun. An share tsakar gidan da yamma, yashin ya kwanta luf, don haka da gari ya waye komai ya fito. Sawun ƙafa ba takalmi, babba, ya taso daga zaure, ya bi ta gefen tabarmar da autarmu 'yar shekara huɗu take kwance, tazarar bai kai kamu ɗaya da kanta ba. A nan ya tsaya, ƙafa biyu a jere, ka san ya sunkuya ya ɗauki waya. Na tsuguna ina kallon wurin, ina tunanin da yarinyar ta farka ta yi kuka, me ke hannun mutumin nan? Ni ne na bar masa hanya, kuma ni ban ma kwana a gidan ba.

Sai kuma abin da ya fi satar muni ya biyo baya. Akwai wani almajiri ɗan shekara goma sha biyu da ya yi shekara biyu yana yi mana wanke-wanke, yana cin abinci da yarana. Babu wanda ya fito ya ce shi ne, sai dai aka fara cewa ai da ɗan gari akan ci gari, wa ya san inda gas yake in ba na gida ba? Na ga sawun da idona, na san na babban mutum ne, amma zuciya ta ce ƙila shi ya yi jagora. Da ya zo da yamma na tare shi a zaure na ce, “Kai, jiya ina ka kwana?” Ya ɗago ya dube ni, ya ajiye kwanonsa a ƙasa a hankali, ya ce, “Baba, ni?” Bai ƙara ko kalma ba, ya juya ya fita.

Kwana biyu bayan haka malaminsa ya yi sallama da ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce yaron yana gefensa a masallaci tun bayan tarawihi har asuba, shi ke cika wa dattawa butoci, kuma tun ranar ya ƙi cin abincin kirki. Na rasa inda zan sa fuskata. Washegari na taka har makarantar allo, a gaban 'yan uwansa na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe. Da na kulle ƙofata a daren nan, da ban ɗora wa ɗan mutane zargin da bai ji ba bai gani ba. Zato zunubi ne, kuma ƙofar da aka bari a buɗe, in abu ya ɓace, kan marar gata zaton yake fara sauka.

Takardun kuwa sun ba ni wahalar watanni. Tun hare-haren Boko Haram a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, musamman bayan bama-baman Marwa na Yulin 2015, tafiya ba katin shaida ta zama abu mai wuya. Daga Garwa zuwa Marwa ta Figil, shinge bayan shinge za a sauke ka a tambaya. Na yi ta yawo da takardar shaidar ɓatan kaya kafin in samu wasu.

Wani dattijo maƙwabcinmu, abokin Baba, shi ya warware mini abin. Na je gaishe shi ina ƙorafin mutane sun lalace, sai ya ce, “Ɗana, kana tsammani ƙyauren nan ne ya tsare gidan ubanka? Mu ne.” Ya nuna mini dakalin da ke ƙarƙashin dogon yaro. Da, daga hantsi har tsakar dare ba a rasa mutum a kansa: tela da kekensa, wanzami, mai shayi, tsofaffi da carbi. Baƙon fuska bai isa ya wuce ba a ce masa “Sannu, wa kake nema?” ba. Yanzu yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, an raba gidaje an zuba 'yan haya, kowa ya yi get ɗin ƙarfe ya shige ciki da wayarsa. Na kwaikwayi buɗe ƙofar Baba, ban lura idanun da ke gadinta sun tafi ba.

Kayan ma sun canja. Dukiyar Baba huhun goro ce da buhunan dawa, sai ƙarti biyu sun haɗu za su ɗaga. Tamu waya ce da ke shiga aljihu, da batir da tukunyar gas da ake ɗaurewa a bayan babur, ga masu saye ba tambaya, ga iyakar Najeriya kusa.

Mota yanzu ko ruwa zan tsaya saye sai na kulle ta. Ina neman inuwa in ajiye, in kuma babu, in jure zafin. Takarda ko ɗaya ba ta kwana a ciki. Mun haɗu da maƙwabta, da sanin mai unguwa, muna tara ɗan abin da ake ba samari huɗu masu sintiri da fitila da usur. Sharaɗin da na kafe a kai shi ne duk wanda aka kama a miƙa shi ga hukuma, kada a taɓa shi. Na taɓa ganin yadda taron kasuwa ya yi wa wani yaro a kan waya, kuma ni da na zargi wanda bai yi ba, na san yadda kuskure yake da sauƙi.

Gidan ne ya fi ba ni tunani. Mai walda ya zo ya auna ƙofar waje, na ce a'a, ya auna ta ciki, wadda ke tsakanin zaure da tsakar gida. Nan aka sa ƙofar ƙarfe da sakata da kwaɗo. Ana rufe ta bayan isha'i, makullin na rataye a ƙusa inda ko yara sun sani, saboda gobara, ɗaya kuma yana wurin dattijon nan. Ƙyauren katako na waje yana nan yadda Baba ya bar shi, da tabarma biyu da randa a zauren.

Almajirin ya dawo bayan sallah. Ranar farko ya tsaya a bakin ƙofar ƙarfen, a buɗe take da rana tsaka, amma bai shiga ba, ya yi ta sallama daga nan. Uwargida ta fito da kanta ta kama hannunsa ta ce, “Shigo mana, ɗana, yaushe ka zama baƙo?” Har yanzu sai ya tsaya a wurin an ce ya shigo.