Yadda na daina ɗage sabunta manhajojin kamfaninmu

Na yi shekaru ina kula da kwamfutocin ƙaramin kamfaninmu ba tare da na ɗauki saƙon sabuntawa a bakin komai ba. Duk lokacin da ya bayyana a allo sai in ɗage shi, domin a ganina abin da ke aiki lafiya bai kamata a taɓa shi ba, kuma ma'aikata ba sa son kwamfuta ta mutu ta sake tashi suna tsakiyar aiki. Abin da ya farkar da ni shi ne harin WannaCry na ranar 12 ga Mayun 2017, wanda ya kulle bayanan kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 yana neman kuɗin fansa, ya kuma dagula ayyukan asibitoci da dama a Ingila. Bai same mu ba, amma da na bincika sai na ga Microsoft ya fitar da gyaran ɓarakar Windows da harin ya bi ta cikinta tun ranar 14 ga Maris, kusan wata biyu kafin harin, alhali biyar daga cikin kwamfutocinmu takwas ba su karɓi gyaran ba. Allah ne kawai ya tsare mu.

A lokacin na fahimci cewa ranar da aka fitar da gyara ita ce ranar da aka sanar da duniya inda ƙofar take a buɗe, domin masu kutse kan kwatanta tsohuwar manhaja da sabuwa su gano abin da aka toshe. Ba sa zama su zaɓi kamfani saboda girmansa. Manhajojinsu ne ke laluben intanet dare da rana, duk na'urar da suka samu ba a gyara ba su shiga. Ƙanƙantarmu da nake dogaro da ita ba ta kare mu daga komai.

Na fara da rubuta sunan duk wani abu da ke haɗe da intanet a ofis, kuma wannan aikin ya fi kowanne amfani. Ban da kwamfutoci, sai ga firinta, ga na'urar ajiye hotunan kyamarar tsaro, ga wayoyin ma'aikata da suke buɗe wasiƙun kamfani da su, sannan ga na'urar rarraba intanet, wadda tun ranar da aka ɗaura ta babu wanda ya sake waiwayarta. Ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin ta cikinta komai ke shiga da fita, kuma na tarar masu ƙera ta sun daina fitar mata da gyara, ga kalmar sirrinta har lokacin ita ce wadda ta zo da ita daga masana'anta. A makon muka canza ta.

Kuskuren da na yi daga nan na gaggawa ne. Na sabunta dukkan kwamfutocin a rana ɗaya, washegari manhajar lissafin kuɗi ta ƙi buɗewa, muka yi kwana ɗaya da rabi ba mu iya fitar da takardar biyan kuɗi ko guda ba. Wannan ya sa na tsara aikin bisa al'adar Microsoft ta fitar da gyare-gyare a Talata ta biyu ta kowane wata. Da farko nakan kwafi bayananmu zuwa ma'ajiyar da nake cirewa daga kwamfuta bayan an gama, sai in sabunta kwamfuta ɗaya mai ɗauke da manhajojin da muka fi dogaro da su, in bar ta ta yi aikin kwana biyu, sannan in bi sauran bayan an tashi daga aiki. Amma idan aka sanar cewa masu kutse sun riga sun fara amfani da wata ɓaraka, ba na jiran kwana biyun nan, a ranar nake gyarawa. Manhajar shiga intanet kuwa na bar ta tana sabunta kanta, sai dai na roƙi kowa ya riƙa rufe ta yana sake buɗewa, ya kuma kashe kwamfutarsa a ƙarshen mako, domin gyara da yawa ba ya fara aiki sai na'ura ta sake tashi.

Akwai abin da ya fi ƙarfina ni kaɗai. A Disambar 2021, da matsalar Log4j ta ɓulla, ban iya sanin ko tana cikin kayanmu ba, domin ɓangare ne da ake sakawa a cikin wasu manhajoji, sai da na rubuta wa kowane mai sayar mana da manhaja ina tambaya. Tun daga lokacin, kafin mu sayi wani abu nakan nemi a faɗa mini shekarun da za a ci gaba da gyara shi. An daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma sanin ranakun tun da wuri ya ba mu damar canza kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya ce ta rage, mai ɗauke da wata tsohuwar manhaja da ba ta aiki a kan sabon tsari. Ita na cire ta daga intanet gaba ɗaya, kuma ni kaɗai nake kai mata bayanai ina ɗaukowa.