Robobi shida na yumɓun Gulbi da tsawon hanyar zama farfesa

Ɗiyar ƙanwata, wadda take karatun masta a fannin sinadarai, ta shigo gidana bayan la'asar da ƙananan robobi shida a jakarta, kowace da lamba a jikinta. Garin yumɓu ne a ciki, wanda ta ɗebo daga bakin Gulbin Maradi, ta shanya, ta daka, ta tankaɗe, sannan ta gasa shi a zafi daban-daban. Da na tambaye ta inda aikin ya kwana, sai ta ce: "Kawu, abin da hannu zai yi na gama, saura ido." Idon da take nufi shi ne madubin bincike mai aiki da ilektaron, domin abin da take son gani a cikin yumɓun ya fi ƙarfin madubin da aka saba gani a asibiti.

Ma'aunin wannan fanni, wanda ake kira ilmin nano, shi ne nanomita, wato a raba mita ɗaya gida biliyan a ɗauki ɗaya. Kaurin gashin kai guda ya kai nanomita 80,000 ko sama da haka. A wannan ƙanƙanta abubuwa kan sauya hali: zinariya, idan aka mai da ita ƙwayoyi masu ƴan nanomita, takan koma ja a cikin ruwa, yumɓu kuma yakan ƙara kama gubar da ke cikin ruwa idan aka buɗe ƙofofin da ke tsakanin faya-fayansa. Richard Feynman ya hango yiwuwar sarrafa abubuwa a wannan mataki a wata lacca ta 1959, amma aikin bai kankama ba sai da Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera madubin da ke nuna zarra ɗaiɗaya a 1981, abin da ya ba su kyautar Nobel a 1986. Tun daga tushe ke nan, ilmin yana tafiya ne a bayan na'ura.

A takarda, hanyar da ke gaban yarinyar a shimfiɗe take. Bayan bak, shekara 3 na lisansi, 2 na masta, 3 na doktora, ko da yake wanda aikinsa ya rataya a kan gwaji yakan wuce ukun nan ba tare da ya yi lalaci ba. Idan ta samu shiga koyarwa a jami'a, ƙarin girmanta zai bi ta hannun hukumar CAMES mai tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedikwatarta kuma tana Wagadugu. Daga matakin mataimakin malami har zuwa cikakken farfesa akwai tsani hawa-hawa, kuma a kowane hawa abin da alƙalan ke fara dubawa shi ne maƙalolin da mutum ya buga a mujallun da masana ke tantancewa.

A nan ne nake ganin ƙullin yake. Masanin lissafi yana iya rubuta maƙala da alli da allo. Mai binciken kayan ƙira kuwa, babu mujallar kirki da za ta karɓi aikinsa sai ya kawo hoton madubin ilektaron da sakamakon hasken X mai nuna yadda zarrori suka jeru, kuma waɗannan na'urori suna son wutar da ba ta yankewa, da ɗaki mai sanyi wanda ƙurar hunturu ba ta shiga, da injiniyan da zai gyara su idan sun tsaya. Saboda haka ɗalibi yakan aika samfurinsa ƙasar waje ya zauna jira wata da watanni, a lokacin da takwaransa na can zai gangara bene ya auna nasa kafin azahar. Mutane suna son ba da labarin Andre Geim da Konstantin Novoselov, waɗanda suka ɓamɓaro girafin, wato faifai mai kaurin zarra ɗaya tak, daga gawayin fensir da salatif a Mancesta a 2004, suka ci Nobel a 2010. Gaskiya ne salatif ɗin ba ya da tsada, sai dai da suka ɓamɓaro, akwai kayan auna shi a kusa da su.

Shi ya sa na ce mata, a wannan fanni zaɓen malamin da zai duba doktora ya fi zaɓen take muhimmanci, domin malamin da ke da abokan aiki a wasu ɗakunan gwaji shi ne ke buɗe wa ɗalibi ƙofa. Kuma ba dole sai Turai ba. Farfesa Malik Maaza, ɗan Aljeriya, yana riƙe da kujerar UNESCO ta ilmin nano a Afirka ta Kudu, Farfesa Tebello Nyokong ta yaye ɗalibai masu yawa a Jami'ar Rhodes, a Abuja ma akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Afirka mai sashen binciken kayan ƙira.

Jiharmu ta Maradi ba baƙuwa ba ce a wannan tafarki. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, ya kuma zaɓi ya yi bincike a kan hasken rana, abin da ƙasar ke da shi fiye da kima. Ina ganin irin wannan lissafi ne ya kai yarinyar ga yumɓu. Duk wanda ya san Tibiri ya san yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe, haƙoransu suka rine, saboda sinadarin fuloraid da ya yi yawa a ruwan da suka sha suna ƙanana. Abin da take nema shi ne ta gano a wane zafi yumɓun Gulbi ya fi kama wannan sinadari, ta yadda tukunyar da maginiya za ta gina a ƙauye za ta iya tace ruwa.

Robobin za su bi motar safe zuwa Yamai, daga can wani malami mai tafiya taro zai sa su a jakarsa. Kafin ta tashi ta ware rabin kowane samfuri ta ɗaure a leda, ta ba ni in ajiye mata a akwatina, ko da na farkon sun salwanta a hanya.